Shirya Matan Karkara Don Shiga Kwamitin Makaranta

Tambaya: Malama, ƙungiyarmu na son horar da matan karkara su shiga kwamitin kula da makaranta. Ta ina za mu fara?

Amsa: 'Yar'uwa, ku haɗa kowace sabuwa da macen da ta taɓa zama a kwamiti. Ta bi ta zama uku tana sauraro kawai, bayan kowanne su duba rubutaccen bayanin taron tare. Sannan a koya mata karanta kasafin kuɗi da rajistar ɗalibai. Nan ne mata ke yin shiru, don ba a taɓa nuna musu ba. Ranar da za ta fara magana, ta riƙe batu ɗaya, kamar banɗakin 'yan mata, ta gwada faɗarsa cikin minti biyu. Ku daidaita lokacin taro da abin hawa tun farko, su ke sa mata janyewa.