Oba-obar matafiyi da alƙaluman jikin kwali

Ɗana, jiya bayan la'asar ka tare ni ina shirin rufe shago, ka ce wani Alhaji ya zo neman oba-oba, wato rediyon hannu na magana da juna, guda biyar saboda za su kai amarya daga Tudun Wada ta Kaduna zuwa Jos da motoci biyar, ya ɗauki wani kwali da aka rubuta kilomita 16 a jikinsa ya ce ita yake so, kai kuma ka rasa ta cewa. Ka tambaye ni wacce ce ta fi dacewa da matafiyi, kuma ko abin da ke jikin kwalin gaskiya ne. Na ce ka bari sai na zauna, domin amsar ta fi ƙarfin a ba da ita a tsaye a bakin ƙofa.

Bari in fara da kilomita 16 ɗin, tunda a nan yawancin masu saye suke faɗawa rami. Muryar oba-oba miƙe take tafiya kamar hasken tocila, ba ta iya zagaye dutse yadda ya kamata, kuma ba ta bin lanƙwasar ƙasa. Idan mutum biyu suka tsaya a fili fetal, kowanne ya riƙe tasa daidai bakinsa, wato kimanin mita ɗaya da rabi daga ƙasa, to doron ƙasa kansa zai shiga tsakaninsu da zarar sun kai kilomita tara zuwa goma, ko da babu bishiya ko gini ko ɗaya a hanya. Alƙaluman da ake bugawa a kwali irin waɗanda ake samu ne idan wani ya hau kan tsauni, ɗan'uwansa kuma yana can inda suke hangen juna. Wanda zai hau dutsen Kufena ya kira wani a filin Zariya zai iya samun nisa mai ban mamaki, amma Alhaji a cikin mota zai zauna, ƙarfe ya kewaye shi ta ko'ina, tireloli da tankoki suna gaba suna baya. Abin da na saba gani a irin wannan hali shi ne kilomita ɗaya zuwa biyu, wani lokaci ma bai kai ba. Kuma hanyar da za su bi, idan an wuce Pambeguwa da Saminaka aka fara hawa tudun Filato, kwana ɗaya a bayan dutse ta isa ta yanke magana tsakanin motar gaba da ta baya. Ka faɗa masa wannan tun kafin ya ciro kuɗi. Gara ya fasa saye a gabanka da ya dawo bayan biki yana cewa mun sayar masa da jabu.

Daga nan za ka ga mai saye ya koma kan wat, ya ce a ba shi mai wat takwas ko goma. Ka sani cewa kafin a ninka nisa sau biyu, sai an ninka ƙarfin sau huɗu, shi ma a sararin da babu abin da ya tare. A kan titi ribar ba ta kai haka ba. Saboda haka bambancin wat biyar da wat takwas kusan ba ya jiyuwa a kunne, a wurin batir ne ake jin sa, da kuma zafin da rediyon ke ɗauka a hannu. Na sha ɗora wasu masu arha a kan mitar gwaji, an rubuta wat goma a jikinsu, allura ba ta kai uku ba.

Inda ribar take shi ne eriya, kuma nan nake so ka fi mai da hankali. Gajeriyar eriyar roba da ke zuwa da rediyon an yi ta ne don sauƙin riƙo. Idan ka cire ta, ka ɗaura waya zuwa eriya mai gindin maganaɗisu da aka manna a tsakiyar rufin mota, abubuwa uku ka samu lokaci guda: muryar ta fita daga cikin ƙarfe, ta ƙara tsawo daga ƙasa, sannan rufin motar ya zama wani ɓangare na eriyar yana taimaka mata. Rediyo mai wat biyu da eriya a rufi ta fi mai wat takwas da ke kwance a kujera. Idan kuɗin Alhaji ba za su kai a sa wa duka motocin biyar ba, a sa wa ta gaba da ta ƙarshe, domin su ne suka fi nisa da juna kuma su ne ke riƙe da ayarin. Tsawon eriyar ba a yin sa da ka, rubu'in tsawon igiyar zangon da rediyon ke aiki a kai ake aunawa, shi kuma zangon da megahaz ake lissafa shi: a wajen megahaz 446 kimanin santimita 17 ne, a wajen megahaz 150 kuma kusan rabin mita. Ka duba bakin da ake murɗa ta, domin akwai namiji akwai mace, kuma kamfanoni ba su haɗu a kan ɗaya ba. Wanda ya tilasta bakin da bai dace ba zai karya tsinken ciki. Kada kuma ka taɓa danna maɓallin magana alhali eriya ba ta jiki, saboda ƙarfin da ya rasa mafita komawa yake yi ya ƙone taransistar ƙarshe, wadda ke tura muryar zuwa eriya. Yawancin waɗanda ke cikin kwandon nan na ƙarƙashin teburina, masu ji amma ba sa aikawa, ciwonsu ke nan.

Game da VHF da UHF kuwa, wato rukunan zango biyu da oba-oba ke aiki a kai, na farkon a rediyoyin hannu yana tsakanin megahaz 136 da 174, na biyun daga 400 zuwa 470. VHF ya ɗan fi kyau a daji da fili. UHF, saboda gajartar zangonsa, ya fi iya fita ta tagar mota da ratsa tsakanin gine-gine, don haka shi nake zaɓa wa ayarin motoci. Baofeng UV-5R tana da duka biyun, da allo da maɓallai masu yawa, kuma mai sha'awar harkar zai ji daɗinta. Amma direban da aka ɗauko don biki, wanda bai taɓa riƙe oba-oba ba, gwiwarsa kaɗai za ta iya taɓa maɓalli ta sauya masa zango ba tare da ya sani ba. Irin BF-888S mai tasha 16, wadda murɗi biyu ne kawai a kanta, ɗaya na ƙara ɗaya na tasha, ita ta fi masa. Wanda tafiya ce sana'arsa kullum, kamar masu kamfanin sufuri, shi ne za ka nuna wa Motorola ko Kenwood ko Icom, domin sun fi jure faɗuwa da ƙurar hunturu. Idan ka ga IP54 a jiki, tana jure ƙura da yayyafi. IP67 kuwa ko ta faɗa ruwa mai zurfin mita ɗaya na rabin awa za ta fito lafiya. A ko wane hali ka sayar musu iri ɗaya, domin tasha ta ɗaya a wannan kamfani ba ita ce tasha ta ɗaya a wancan ba. Idan dole ta sa an gauraya, ka jona su da kwamfuta ka daidaita su da manhajar CHIRP kamar yadda na koya maka.

Akwai wani abu da ake ruɗar mutane da shi, wato lambobin da ake kira na sirri. Ba su ɓoye komai. Wani ɗan sauti ne can ƙasa, daga haz 67 zuwa wajen 250, wanda ke hana sifikarka buɗewa sai ga wanda ya zo da irinsa. Kai ne ba za ka ji baƙo ba, shi kuwa baƙon yana jin ka tsaf. A hanyoyinmu na yanzu wannan ba ƙaramar magana ba ce. Ka gaya wa Alhaji kada a ambaci sunan mutum, ko kuɗi, ko garin da za a tsaya sallah a kan oba-oba. A ce mota ta ɗaya, mota ta uku, akwai rami a dama, akwai shinge a gaba, a rage gudu. Iyakarta ke nan.

Sai maganar hukuma, wadda ba na so ka yi wasa da ita. Za ka ga kwali an rubuta ba a buƙatar lasisi. Wannan dokar wasu ƙasashe ce: a Turai an ware zangon da ake kira PMR446 mai rabin wat, a Amurka an ware wanda ake kira FRS da ba ya wuce wat biyu. Mu a nan Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, da Ma'aikatar Sadarwa ta Tarayya ne ke da iko da zangunan rediyo, kuma wurinsu ake neman izini. Rediyon da ake iya rubuta mata kowace lamba tana iya faɗawa layin 'yan sanda ko na wasu jami'an tsaro, saboda haka kada ka sa wa kowa zangon da ba nasa ba, ko nawa ya ba ka. Ka tuna ƙarshen 2021, lokacin da aka katse layukan waya a wasu sassan jihar nan da Zamfara, yadda mutane suka yi ta zuwa neman oba-oba, da yadda muka riƙa tambayar kowa ko shi wane ne da abin da zai yi da ita. Har yau haka nake so. Ka rubuta rasit da lambar jikin kowace rediyo, ka ce su tafi da shi, kuma a shingen bincike su bar ta a fili su yi bayani, kada su cusa ta ƙarƙashin kujera.

Batir ba ya buƙatar dogon zance. Awannin da kamfani ke rubutawa an lissafa su ne a kan cewa cikin kashi ɗari, biyar kana magana, biyar kana sauraro, casa'in rediyon na zaune shiru. 'Yan rakiyar amarya ba za su yi shirun kashi casa'in ba. Ka haɗa musu da cajar mota ko batir na biyu, ka ce kada a bar ta a kan dashbod cikin rana, domin zafi na kumbura batirin litiyam. Ka kashe musu VOX, wato abin da ke buɗe layi da jin sauti, in ba haka ba ƙarar inji da guɗar mata za su riƙe tashar har Jos.

Ka kuma fahimtar da shi cewa oba-oba tsakaninsu kawai take aiki. Idan hatsari ya auku, waya ce za ta kira 122 na hukumar kiyaye haɗurra ko 112. Masu kama da oba-oba da ake sa wa layin waya kuwa suna kaiwa ko'ina, amma inda sabis ya ɗauke su ma sun mutu, alhali don irin wannan wurin ne Alhaji yake neman rediyo tun farko.

Gobe idan ya dawo, ka ciro biyu daga masu tasha 16 da eriyar rufi guda ɗaya, ka shiga motarsa da rediyo ɗaya ku bi baifas ta wajen Mando, ni zan zauna a shago da ɗayar. Ka riƙa kirana kowane rabin kilomita, da farko da eriyar roba, sannan a dawowa da ta rufi, shi kuma ya riƙa duban mitar motarsa yana ganin inda muryata ke yankewa a kowace.