Ga mai son zuba wuƙaƙen Kratos: kada ka sayi silikon tukuna

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Tun daren jiya na ga tambayarka, na bari sai na samu zama, don ba abin amsawa a layi biyu ba ne. Idan na fahimce ka, ka sassaƙa ɗaya daga cikin wuƙaƙen Kratos, jarumin wasan bidiyo na God of War, wato Blades of Chaos, da katakon MDF, kana son ta biyun ta fito tamkar an tsaga kara. Shi ne kake tambayar yadda ake yin mazubi, yawan silikon da zai ci, da kuma abin da ya sa rezin ɗin da ka gwada a kofi ya kumbura kamar ƙullun fanke. Irin waɗannan wuƙaƙen na yi, kuma sai da na yi asarar mazubi biyu kafin na uku ya yi kyau.

Ka yi dabara da ka zaɓi zubi a wannan aikin. Da a ce takobi guda kake so, irin ƙaton takobin Cloud na Final Fantasy VII, da na ce ka manta da silikon, ka yi shi da soson EVA ka huta. Mazubi ba ya biyan kuɗinsa sai abu zai fito fiye da ɗaya. Su kuwa waɗannan tagwaye ne, kuma hannu ba ya sassaƙa abu biyu su zo ɗaya, komai ƙwarewar mutum.

Sai dai na zuƙo hoton da ka saka, kuma gaskiya wuƙar ba ta isa shiga mazubi ba. Kada ranka ya ɓaci. Silikon ba ya rufa asiri. Duk ƙarzanen sanfefa, duk ramin da ka ce fenti zai rufe, har zanen yatsanka idan ka taɓa firama, wato fentin shimfiɗa, bai bushe ba, zai kwafe su, ya kuma haifa maka su a kowane zubi. Gyaran da za ka yi sau ɗaya a jikin uwar sai ya koma sau biyu a jikin 'ya'yan, a kan rezin da ya fi katako taurin kai. Ni ɗoki ne ya kwashe ni a karon farko. Akwai wani ɗan lotso kusa da ƙota, bai kai ƙwayar gero ba, na ce wa zai gani. Ranar da na fesa baƙin fenti mai sheƙi, shi ido ke fara sauka a kai, a duka wuƙaƙen biyu, a wuri ɗaya sak.

Gefen MDF inda aka yanka yana shan ruwa kamar soso, gashinsa kuma yana tashi. Ka fara like shi da siririn gam ko baniş na katako har ya daina sha. Sannan ka je wurin masu gyaran jikin mota ka sayi bodi fila da firama mai kauri, irin toka-tokar nan. Ka cike, ka goge da sanfefa mai lamba 120, ka koma 220, ka fesa firama, ka bi da 400, ƙarshe 600 da ruwa. Da daddare ka kashe fitila, ka kwantar da tocilan a gefen wuƙar yadda haske zai bi ta kwance. Abin da za ka gani zai ba ka haushi, amma nan ne aikin yake. Ni sai da na zagaya wannan hanyar sau biyar.

Wani abu kuma, hotunan da kake kwaikwaya sun cakuɗe. Blades of Chaos su ne na wasan farko da ya fito a PlayStation 2 a 2005, waɗanda Ares, gunkin yaƙi a wasan, ya ba Kratos, aka like masa sarƙoƙinsu a dantse. A God of War II waɗanda yake riƙe da su Blades of Athena ne, a na III kuma Blades of Exile. Na asalin sun dawo a wasan 2018, sun tsufa sun ci duniya. Ruwan wuƙarka na wani wasa ne, ƙotar ta wani. Masu wasan za su gane. Ka tsayar da ɗaya tun katako bai shiga roba ba.

Yanzu maganar mazubin. Inda na fi koyon wannan ba a YouTube ba ne, wurin masu zuba tukwanen dalma ne a kasuwa. Ka je ka tsaya rabin awa ka kalle su. Akwati biyu ne na ƙasa, sama da ƙasa, suna barbaɗa gari a tsakani don kada su manne, suna barin ƙofar zubi. Dabarar ɗaya ce, mu dai roba muke sa wa a madadin ƙasa. Tambayar da za ka yi wa kanka ita ce: a ina zan raba wuƙar nan biyu yadda kowane rabi zai fita ba tare da ya maƙale ba? A ruwan wuƙa abin da sauƙi, layin ya bi bakin kaifi da gadon baya, inda tabon haɗi zai ɓace da goga ɗaya. Matsalar tana wurin fuskar dodon nan mai haƙora da ke tsakanin ruwa da ƙota. Haƙoran suna da lunguna, silikon zai shige bayansu ya riƙe. Shawarata ka yanke wannan kan daban, ka yi masa ƙaramin mazubinsa, daga baya ka haɗa. Na ƙi yin haka a mazubina na biyu, wajen cirewa roba ta yage daidai kan haƙori, kowane zubi ya riƙa fitowa da ƙari a baki.

Ka kwantar da wuƙar a kan falanki, ka gina mata gado da yumɓun roba, irin wanda ba ya bushewa, har ya kai rabin kaurinta. Inda yumɓu ya haɗu da jikin wuƙa ka bi shi da bakin ƙaramin cokali ya tsaya cak, babu gibi babu tudu, domin wannan layin shi ne tabon da za ka gani a kowane zubi. Ka ɗauko ƙwallayen boris ka danna rabinsu cikin yumɓun kewaye da wuƙar, tazarar yatsu uku-uku, ka cire. Waɗannan ramukan su ne makullan da za su hana rabi da rabi zamewa. Ƙofar zubi ta kasance a gindin ƙota, sannan duk wani tsini da zai kalli sama idan ka tsayar da mazubin, ka ja masa siririyar hanyar iska da tsinken shan lemo. Iskar da ba ta samu mafita ba, gurbinta za ka tarar a zubin.

Silikon ɗin zubi iri biyu ne, mai daskarewa da sinadarin kuza da mai daskarewa da filatinam. Na filatinam ya fi daɗewa kuma kusan ba ya motsewa, amma tsirfa gare shi: yumɓu mai farar wuta, safar hannu ta latas, fila ko rezin foliyesta da bai gama bushewa ba, duk suna hana shi kamawa, ka wayi gari ka tarar da fuskar mazubi tana danƙo kamar alewar da ta narke. Tunda wuƙar katakonka cike take da bodi fila, kuma aikinka na farko ne, ɗauki na kuza. Idan ka samu Mold Max 30 na kamfanin Smooth-On, awonsa 100 da 10 ne a sikeli, kana da kamar minti 45 na aiki, ya daskare cikin awa 24. Idan ba ka samu ba, tambayi masu aikin POP inda suke sayen silikon RTV ɗin da suke yin mol ɗin ado da shi, yana yi. Kowanne ka saya, gwada cokali ɗaya a wani lungu na wuƙar kafin ka juye duka. Silikon ɗin bututu na like gilashi, mai warin tsami, ka bar shi inda ka gan shi. Danshin iska ke busar da shi daga waje zuwa ciki, idan ya yi kauri cikinsa sai ya yi kwanaki yana ɗanye. Da shi na yi mazubina na farko, tsumulmula ta sa na yi asarar mako biyu.

Yawan da zai ci kuwa, lissafi ne. Tawa wuƙar ta kai kusan santimita 60. Akwati mai tsawon 65, faɗin 22, zurfin 7 yana ɗaukar kusan lita 10. Cire wuƙar, kamar lita 1.2, saura 8.8. Lita ɗaya ta irin wannan silikon tana kusan kilo 1.2, ka ga ka haura kilo 10. Aljihu zai ji a jikinsa. Idan kana son awo na zahiri, cika akwatin da shinkafa ko gero, ka juye a mudu mai lamba, ka kakkaɓe ƙurar sosai. Ni daga baya hanyar shafe na bi: shafi na farko siriri da burushi don ya shiga kowane zane, sannan uku ko huɗu masu kauri har ya kusa santimita ɗaya, a bayansa na yi masa riga mai tauri da POP da filas. Bai ci kilo 3 ba. Idan kuma zubawa za ka yi, ɗaga kofin sama, ka sake shi siriri kamar zaren koko a kusurwa mafi zurfi, ya bi jikin wuƙar da kansa. Haka kumfar ke fashewa a hanya.

Rabin farko ya daskare, ka kife, ka cire yumɓu ba tare da ka motsa wuƙar daga gurbinta ba. A nan mutane ke kuka. Silikon ba ya kama komai kamar ɗan'uwansa silikon. Idan ba ka shafa basilin siriri a duk fuskar rabin farko ba, har cikin ramukan makullai, za ka samu dunƙulen roba guda da wuƙarka a binne a ciki.

Kumburin rezin ɗinka kuwa ruwa ne ya jawo. Rezin foliyuritan yana da sinadarin da idan ya haɗu da danshi yake fitar da iskar kabon, ita ce kumfar. Ko dai kofin takarda ka yi amfani da shi, ko ka juya da tsinken itace mai laima, ko ka bar kwalbar a buɗe, ko kuma kawai damina ce. Kofin roba busasshe, abin juyawa na roba ko ƙarfe, kwalba a rufe da zarar ka tsiyaya. Lokacin hunturu, da iska ta bushe, zubi ya fi fitowa garau, sai dai ƙurar ta rama a wurin fenti. Sannan mintunan da ke jikin kwalba an auna su ne a ɗaki mai zafin digiri 23. Smooth-Cast 300 an rubuta masa minti 3 na aiki, ya daskare a minti 10. A zafin watan Afrilu na taɓa ji kofi ya ɗau zafi a hannuna, na duba ya fara fari tun ban kai bakin mazubi ba. Tun daga ranar, bayan sallar asuba nake zubi, in kuma ajiye kwalaben a wuri mai sanyi. Idan da hali nemi Smooth-Cast 305, shi minti 7 yake bayarwa.

Kada ka cika wuƙar da rezin zalla. Kowace za ta haura kilo ɗaya, ga sarƙa, ga yini guda a tsaye ana ɗaukar hoto, kuma idan ta faɗi tsinin ne zai fara karyewa. Barbaɗa hodar jarirai a cikin mazubin ka hure, tana rage ƙananan ramukan kumfa. Haɗa rabi biyun, ɗaure da robar tif tsakanin falanki biyu, ba matsewar da za ta lotsa shi ba. Zuba rezin kaɗan, toshe ƙofar, ka riƙa juya mazubin a hannu ta kowace fuska har ya kama bango. Sau uku haka, sai ka samu ɓawo mai kaurin milimita 3 zuwa 4. Zura sandar alminiyam ko ta faiba daga ƙota zuwa tsakiyar ruwa, ka cike sauran da kumfar foliyuritan mai kumbura. Duk wannan a tsakar gida, da safar hannu ta naitiril da takunkumi mai matatar sinadari. Ƙyallen hanci na asibiti ba ya tare tururin nan, kuma ƙurar MDF ma ba abin shaƙa ba ce.

Fenti ba shi da wuya idan ƙasa ta yi kyau. Wanke zubin da ruwan sabulu, firama, baƙi mai sheƙi, ka goga garin girafait da auduga har ya yi ƙyallin ƙarfe. Tsarma baƙin fenti da mai launin ruwan ƙasa ka shafa cikin zane-zanen, ka goge sama da tsumma. Sarƙa ta roba za ka nema, ta ƙarfe za ta goge maka fata kafin azahar.

Akwai wanda na ga ya ba ka shawarar ka kai wa masu dalma su zuba maka da alminiyam. Kada ka soma. Wannan ya tashi daga kayan wasa ya koma makami, masu shirya taro ba za su so ganinsa a ƙofa ba, kuma kai ma ka san yadda ake kallon saurayi da doguwar wuƙa a garuruwanmu. Ko ta rezin ɗin ka bar bakinta da kaurin milimita 3, tsinin a dakushe. Idan Lagos Comic Con, taron masu shigar jaruman wasanni da finafinai, kake hari da ita, karanta ƙa'idar kayan shigarsu kafin ka kama hanya, ka naɗe wuƙaƙen a kwali, ka kuma ajiye hotunan aikin tun daga katako a wayarka. A wani shingen bincike hotunan nan ne suka fishe ni, sai da jami'in ya ƙwanƙwasa ɗaya da farce ya ji ƙarar roba sannan ya yi dariya ya miƙo mini.

Yanzu dai koma kan sanfefa. Idan ka kai 600, ɗauko mana hoto da hasken tocila a kwance, gaba da baya, da kuma kan dodon daga ƙasa, in zana maka inda layin rabon zai bi.