Me ya sa sai an jira wata guda kafin a ce maganin shanyewar ɓarin jiki ya yi aiki a jikin ɓera?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce, ina digiri na biyu a fannin ilimin magunguna. Mun toshe wa ɓeraye jijiyar jinin ƙwaƙwalwa, muka ba rabinsu wani magani, bayan awa 24 muka yanka ƙwaƙwalwar muka rina. Waɗanda suka samu maganin, wurin da ya mutu bai kai na sauran girma ba. Amma malamin da ke duba aikina ya ce bai isa ba, sai na sake, na bar dabbobin su yi wata guda a raye. Anya ba ɓata lokaci ba ne? In kuma dole ne, me zan auna?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Malaminki ya yi miki gata. Abin da kika gani a awa 24 gaskiya ne, sai dai gaskiyar rana ɗaya ce. Rinin TTC, wanda na tabbata shi kuka yi amfani da shi, yana mai da nama mai rai ja, mataccen kuma ya bar shi fari fat. A wannan lokacin ƙwaƙwalwa a kumbure take, ɓarnar kuma ba ta gama yaɗuwa ba. Magani na iya rage kumburin, ko ya jinkirta mutuwar ƙwayoyin ƙwaƙwalwa da 'yan kwanaki, farin tabon ya fito ƙarami, alhali bai ceci komai ba.

An taɓa ganin haka ƙarara. A 1993 Dietrich da abokan aikinsa suka sanyaya ƙwaƙwalwar ɓeraye na 'yan awoyi bayan an katse mata jini. Da aka duba a kwana 3, ƙwayoyin na nan da ransu. Da aka duba a wata 2, kariyar ta bi iska. Ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa.

Dubi kuma yadda ake yi wa mutane. Gwajin da ya sa Amurka ta amince da tPA, maganin narkar da gudan jini, a 1996, a wata 3 ya yanke hukunci, kuma har yau kwana 90 ne mizanin da aka fi bi. Ana amfani da ma'aunin Rankin mai hawa 0 zuwa 6, wanda tambayarsa ita ce: mutumin nan yana tafiya da ƙafarsa? Yana iya kula da kansa? Idan a ɓera girman tabo muke aunawa a rana ɗaya, a mutum kuma tafiya a wata uku, to tambayoyi biyu ne daban, kada mu yi mamaki in amsoshin suka saɓa. Wani nazari na 2006 ya ƙirga magunguna da dabaru 1,026 da aka gwada, 114 suka kai ga marasa lafiya, kusan duka kuma suka faɗi. Wani magani mai suna NXY-059 ya yi suna a dabbobi, amma a 2007 ya kasa a gwajin mutane sama da 3,000. Irin wannan matsalar ce ta sa taron masana shanyewar ɓarin jiki na STAIR, tun 1999, ya nemi a riƙa auna abin da dabba ke iya yi tare da girman tabo, a 2009 kuma ya ƙara da cewa a bi ta aƙalla mako biyu zuwa uku.

To amma jira kawai ba ya raba gardama, kuma nan ne ɗalibai da yawa ke yin tuntuɓe. Ɓera yana farfaɗowa da sauri fiye da mutum nesa ba kusa ba. Ma'aunin Bederson na 1986, inda ake ɗaga ɓera ta wutsiya a ga ko ƙafar gaba ta lanƙwashe, ko a ajiye shi a ga ko yana ta zagaye wuri ɗaya, yana da amfani a kwanakin farko. Bayan mako biyu sai ki tarar kusan kowa ya ci jarrabawa, mai magani da marar magani. Sandar nan mai juyawa da ake ɗora su a kai ma haka take yawan yi, har wasu sukan koyi rungume ta suna juyawa tare da ita. Kina buƙatar gwajin da ɓera ba zai iya ɓoye nakasarsa ba.

Wanda na fi so shi ne na miƙa hannu. Ana sa ɓera cikin akwatin roba garai-garai mai siririn tsagi, a ajiye ƙwayar abinci guda ɗaya a waje, inda sai ya zura ƙafar gaba zai kai. Lafiyayye zai ɗaga ta, ya buɗe yatsu, ya kife su kan ƙwayar, ya juyo da tafin zuwa baki, duk cikin ƙiftawar ido. Wanda ya samu shanyewa, bayan mako huɗu yana iya komawa cin ƙwayoyi kusan yadda yake ci a da. Sai kin ɗauki bidiyo kin rage gudunsa za ki ga abin da ke faruwa: yatsun ba sa rufewa sosai, janyo ƙwayar yake yi, yana karkata kafaɗa da dukan jikinsa, wani lokaci ya kawo baki ya tarbe ta. Lissafi ya ce ya warke, hoto ya ce dabara ya koya. Bambancin warkewa da dabara shi ne zuciyar wannan fanni, domin mutum mai shanyewa ma haka yake yi da kafaɗa in hannu ya ƙi. Illar gwajin ita ce wahala: sai an horar da dabbobin makonni kafin tiyata, ana ɗan rage musu abinci don su damu da ƙwayar. Akwai ɗan'uwansa, akwatin matakala na Montoya na 1991, inda ɓera ke ɗebo ƙwayoyin abinci daga kan matakalai, wanda ƙirga shi ya fi sauƙi.

In lokaci ya yi miki kaɗan, ga masu araha. A manna 'yar filasta a tafin kowace ƙafar gaba, a ƙirga daƙiƙun da zai yi kafin ya ji ta, da waɗanda zai yi kafin ya cire. Ko a sa shi cikin tulun gilashi a ƙirga ƙafar da yake dafa bango da ita in ya miƙe. Ko gwajin lungu: alluna biyu a haɗe a kusurwa mai digiri 30, ɓera ya shiga har gashin bakinsa ya taɓa kowane gefe, ya miƙe ya juyo. Lafiyayye yakan juya dama ko hagu ba zaɓi, mai shanyewa kuwa ya fi juyawa ta ɓangaren da ƙwaƙwalwar ta samu rauni. Wannan gwajin, a kusan wata guda, shi ne babban mizanin shirin SPAN na Amurka, inda ɗakunan bincike 6 suka gwada hanyoyin magani 6 a kan dabbobi 2,615, maza da mata, har da tsofaffi da masu ƙiba da masu hawan jini. A sakamakon da ya fito a 2023, sinadarin yurik asid kaɗai ya tsallake.

Ki zaɓi biyu ko uku, ki auna kowace dabba tun kafin tiyata, sannan a kwana 7, 14 da 28. Wanda ke ba da maki kada ya san wane ɓera ne ya samu magani.

Sai maganar da ba a son yi, wato matattu. Toshe jijiya da zaren nailan, musamman a ƙaramin nau'in ɓera, yana kashe da dama cikin makon farko, galibi waɗanda ɓarnarsu ta fi muni. In rukunin da bai samu magani ba ya rasa mafiya rauninsa, waɗanda suka saura za su yi kyau a kwana 28, maganinki ya zama kamar bai yi komai ba. In kuwa maganin ne ke ƙarasa masu rauni, sai ya fito kamar gwani. A ma'aunin Rankin mutuwa ita ce hawa na 6, tana cikin lissafi. Ke ma ki rubuta tun farko yadda za ki ƙirga ta, ki faɗi nawa suka mutu a kowane rukuni da ranar da suka mutu. Jinya kuma tana rage asarar: ɗumi, ruwa ta allura a ƙarƙashin fata, jiƙaƙƙen abinci a ƙasan keji, da awon nauyi kullum.

Ita ƙwaƙwalwar, a wata guda TTC ba zai yi miki aiki ba. Ƙwayoyin garkuwar jiki sun shiga mataccen wurin sun kwashe shi, ya zama rami, ɓangaren ya motse, kogon ruwan da ke tsakiya ya faɗaɗa. Abin aunawa a nan shi ne naman da ya saura, a gwada shi da na ɗaya ɓangaren. In kuna da na'urar MRI ta ƙananan dabbobi, ki ɗauki hoto a kwana 2 da kuma ƙarshe, a ɓera ɗaya. Sakamakonki na awa 24 kuwa kada ki zubar, ki sa shi a babin gwajin share fage. Yawan dabbobin da za ki nema a wannan zagaye kuma ki lissafa shi bisa gwajin motsin da kika zaɓa, ki ƙara wasu saboda waɗanda ba za su kai kwana 28 ba.