Filin Tambaya da Amsa: Wa ya ce a tashi Kifin Iska?

Wasiƙun da suka taru mini a wannan karon kusan duk a kan gem ɗaya suke, wato The Legend of Zelda: Link's Awakening. Kamfanin Nintendo na Japan ya fitar da shi a 1993 a ƙaramar na'urar hannu ta Game Boy, ya sake fito da shi da kala a 1998, sannan aka sake gina shi tun daga tushe don na'urarsa ta Switch a 2019. Na zaɓi wasiƙu huɗu. Wanda bai kai ƙarshen gem ɗin ba ya tsallake tambaya ta biyu, don a can zan fasa ƙwai, kuma a wannan labarin ƙwan na gaske ne, yana zaune a kan dutse a tsibirin Koholint, wata halitta da ake kira Kifin Iska tana barci a cikinsa.

Tambaya: Yaya, barka da aiki. Na buga na Switch na ji daɗinsa, amma babban wana ya ce wai ban buga komai ba, na Game Boy ne na ainihi, wannan kuwa kayan wasan yara ne aka shafa wa fenti. Gaskiya ne? Daga wani ɗalibi.

Amsa: Ƙanena, ka gaishe mini da wanka, ka ce masa ni ma ɗan zamaninsa ne, amma ban goyi bayansa duka ba. Ka tambaye shi sau nawa yake tsayar da wasa a cikin ɗaki guda. Game Boy maɓallan aiki biyu gare ta, A da B. Takobi yana cin ɗaya, garkuwa tana cin ɗaya. To ga rami a gabanka, sai ka buɗe jaka ka ɗauko gashin tsuntsun da ake tsalle da shi. Ka tsallake, ga tukunya ta tare hanya, sai ka sake buɗe jaka ka ɗauko munduwar ɗaga kaya. Kana ɗagawa ga maƙiyi ya taho, ba takobi a hannunka. Haka muka yi ta fama, har babban yatsana na dama ya san hanyar maɓallin Start ko a duhu. Duhun ma ba ya yiwuwa, domin allon ba shi da fitila a ciki, sai ka karkata shi wajen haske, ga batir huɗu suna ta ƙonewa. A na Switch an ba takobi da garkuwa da takalman gudu maɓallansu, ɗaga kaya kuma ya zama ba sai ka canza komai ba. Wannan gyara ne na gaskiya, kuma duk wanda ya ce yana kewar waccan wahalar, ƙuruciyarsa yake kewa.

Inda wanka yake da gaskiya shi ne wajen kamanni. Allon Game Boy ɗigo 160 ne a kwance, 144 a tsaye, launinsa kuma kore ne mai hawa huɗu, daga mai haske zuwa mai duhu. Fuskar Marin, yarinyar da ta tsinci Link, jarumin da kake wasa da shi, a bakin teku, ba ta wuce 'yan ɗige-ɗige ba. Sauran kai ne za ka cike da zuciyarka. Kamfanin Grezzo da ya yi na 2019 ya mayar da mutanen tsibirin kamar 'yan tsana na roba masu sheƙi, gefen allon kuma ya yi dishi-dishi kamar kana leƙa ƙaramin gari a cikin akwati. Wasu sun ce ya yi kyau matuƙa, wasu sun ce ya rage wa labarin nauyi. Ni dai na ɗauki kwana biyu kafin idona ya saba. Akwai kuma ƙorafin da masu wasa da yawa suka yi, cewa hoton yana ɗan sarƙewa idan ka fita daga wani yanki ka shiga wani, ga shi an sa masa dala 60 alhali taswirar ita ce dai ta 1993. Ɗakunan da mai haƙa kabari Dampé yake ba ka ka harhaɗa da kanka kuwa, na gwada sau uku na bari. Ba su da gishiri.

In kana son ka raba gardama, na 1998 mai kala, wanda ake kira DX, yana cikin gem ɗin Game Boy da aka zuba wa masu rajistar Nintendo Switch Online tun Fabrairun 2023. Ka buga gidan dodo (wato kurkukun da ake ratsawa a kashe babban dodo a ƙarshe) na farko da na biyu a can, sannan ku zauna da wanka ku yi musun da hujja.

Tambaya: Malam, na gama gem ɗin jiya da dare, kuma haushi nake ji. Na sha wahalar tara kayan kiɗa takwas, na tashi Kifin Iska, sai kawai tsibirin ya ɓace da kowa da kowa, har Marin. Ashe duk mafarki ne? Ina ganin yaudara ce. Ko kuwa ni ce muguwar labarin? Daga wata mai bibiyar filin nan.

Amsa: 'Yar'uwa, wannan haushin naki ya girmi wasu masu karanta filin nan. Tun 1993 masu wasa suka rabu biyu a kansa. Wani ɓangare yana cewa "ashe mafarki ne" ita ce hanyar da marubucin da ya rasa ƙarshe yake bi ya gudu. Ɗaya ɓangaren yana cewa a duk jerin Zelda ba a yi ƙarshen da ya kai wannan ba. Ni ina ɓangare na biyu, kuma zan gaya miki dalili.

Yaudara ita ce a ɓoye miki abu har sai an rufe labule. Nan kuwa ba a ɓoye ba. Ki tuna haikalin nan na kudu, kafin gidan dodo na shida, inda kika kunna wuta a ɗaki mai duhu kika karanta rubutun bango. Ƙarara aka rubuta cewa tsibirin Koholint mafarkin mai barci ne, in ya farka zai ɓace. A lokacin saura miki gidajen dodanni uku cur. Daga nan kuma dodannin da kike kashewa suka dinga yi miki magiya kafin su mutu, suna cewa in kika tashe shi kowa zai tafi. Mujiyar da take yi miki jagora ta kwantar miki da hankali da zance mai harshen damo, ke kuma kika ci gaba. Ni ma na ci gaba. Babu wanda ya riƙe mana hannu, mu muka danna.

Alamun ma sun riga haikalin. Yaran ƙauyen Mabe da suke wasan ƙwallo suna koya miki yadda ake adana wasa, sannan su ce su ma ba su san ma'anar abin da suka faɗa ba, su yara ne kawai. Akwai wanda in zance ya zo kan yaushe suka zo tsibirin, sai kalmar "yaushe" ta ɗaure masa kai. Ga halittun da ba 'yan gidan Zelda ba suna yawo ko'ina: Goomba na gem ɗin Mario, ɗan tsanan Yoshi a shagon wasa, wani mai kama da Kirby yana haɗiye mutum, da BowWow, ƙwallon ƙarfe mai haƙora da wata mata ta ɗaure kamar kare. Babu gimbiya Zelda, babu ƙasar Hyrule inda aka saba yin labaran Zelda. Da farko na ɗauka shirme ne na masu yin gem ɗin, kuma akwai ƙamshin gaskiya a nan, don aikin ya faro ne kamar wasa, Kazuaki Morita yana gwada na'urar bayan an tashi daga aiki, abokansa suna tayawa, kafin Takashi Tezuka ya ja ragamarsa. Amma Yoshiaki Koizumi da Kensuke Tanabe da suka yi aikin labarin sun sama wa shirmen gida. A mafarki ne kawai irin wannan tarkace yake haɗuwa wuri guda, ba wanda ya ce uffan.

Wurin da ya fi tsaya mini a rai ba faɗa ba ne. Bayan gidan dodo na uku, kina neman Marin ta raka ki ta tashi wata ƙatuwar dabbar teku da ta kwanta ta toshe hanyar hamada. Sai kika same ta a bakin ruwa, kuka zauna a kan gungume, allon ya juya ya nuna bayanku ku biyu da teku. Ta ce tana ganin dole akwai wani abu a ƙetaren ruwan nan, kuma da ita tsuntsuwar teku ce da ta tashi ta je wurare masu nisa ta yi wa mutane waƙa. Lokacin da na fara ganin wannan, sauri nake in wuce, ina danna A don rubutun ya ƙare. Da na sake buga gem ɗin bayan na san ƙarshensa, sai na ajiye na'urar a cinya na bar rubutun yana jira. Yarinyar nan ita kaɗai ce a tsibirin take tambayar abin da ke bayan ruwa, kuma ita ce ta koya miki waƙar da za ki busa a gaban ƙwan.

Game da ko ke ce muguwa, a'a. Dodannin sun mamaye mafarkin ne don kada mai barcin ya taɓa farkawa, su ci gaba da mulki, har dabbobin daji suka fara addabar ƙauyen. Gaskiya suka gaya miki, amma don kansu suka faɗa. Sai dai ba zan ce miki babu asara ba, don akwai, kuma gem ɗin bai yi ƙoƙarin share miki hawaye ba. Ɗan sassaucin da ya bari shi ne wannan: in kika gama ba ki mutu ko sau ɗaya ba, bayan sunayen masu aiki sun wuce, a na 1993 za ki ga Marin da fukafukai ta gifta allon, a na DX da na Switch kuma fuskarta ce take bayyana a sararin sama, sai tsuntsuwar teku ta tashi. Masu wasa har yau suna musu ko burinta ne ya cika ko Link ne kawai yake tuna ta. Ni na zaɓi na farko, ba don ina da hujja ba.

Tambaya: Yallaɓai, kowa a gem ɗin ya daina kiran sunana, sai THIEF, wato ɓarawo. Har Marin. Yaya zan gyara? Daga wani bawan Allah da ya ce a sakaya sunansa.

Amsa: Ai kuwa dole ka ce a sakaya. Malam, baka ka sata a shagon Mabe, ko ba haka ba? Kuɗinsa rupee 980 ne na cikin gem, a na Game Boy kuwa jakarka ba ta ɗaukar fiye da 999, don haka na san abin da ya ja ka. Ka ɗauki kayan, ka zagaya mai shagon har ya juya baya, ka fice da gudu. Na san hanyar ne saboda ni ma na bi ta, kuma na ƙara da wautar komawa sayen bam. Ina shiga tsohon nan ya aiko mini da tsawa, na faɗi nan take.

Sunan ba ya goguwa a wannan ajiyar, sai dai ka faro sabon wasa. In kana neman ƙarshen nan na Marin da na ambata a sama, kada ka sake taka ƙofar shagon, don kisan mai shago ana lissafa shi cikin mutuwa. Abin dariyar shi ne a na DX akwai ɓera mai ɗaukar hoto, kuma ɗaya daga cikin hotunan da ake tarawa sai ka yi satar ake samunsa. Wato su da kansu suka ɗana tarkon suka zauna suna kallo.

Tambaya: Yaya, kwana biyar ke nan ina Eagle's Tower, gidan dodo na bakwai. Ina ta hawa ina sauka, ban ga hanyar zuwa sama ba. Ko gem ɗin nawa ne ya lalace? Daga wata ƙanwarka.

Amsa: Lafiyarsa lau, ƙanwata. Wannan hasumiyar ita ce wurin da masu wasa suka fi tsine wa, wasu kuma suka fi yabo, kuma dalilin ɗaya ne. Hanyar saman ba a nemanta, saman ne ake saukowa da shi. A hawa na biyu akwai ginshiƙai huɗu da ƙaton ƙwallon ƙarfe. Ki ɗaga ƙwallon da munduwa, ki jefi kowane ginshiƙi har ya rushe. In na huɗun ya faɗi, hawan da ke can sama zai rufto, sai hanya ta buɗe.

Wahalar ita ce kai ƙwallon inda ginshiƙan suke. Ba kya iya tsalle da shi, kuma shingayen nan masu hawa da sauka in an bugi ƙwallon lu'ulu'u suna tare ki. Dabarar ita ce ki jefa shi ta saman shinge ya sauka can ɓangaren, ke kuma ki zagaya ta wata hanya ki same shi. Wani lokaci faɗawa rami da gangan ita ce hanyar, don tana sauke ki a wani gefe na hawan ƙasa da ba ki iya kaiwa da ƙafa. Ki duba bango da kyau, akwai inda sai bam. Ni da takarda da fensir na fita daga wurin, na zana ɗakunan hawa na biyu, ina soke kowane ginshiƙi da na kayar.

Kada ki hau wurin gaggafar da ke ƙololuwa ba tare da garkuwar madubi ba, tana cikin hasumiyar. In ta fara kaɗa fukafukai, ki ɗaga garkuwar ki tura gaba, in ba haka ba iskar za ta jefo ki ƙasa, ki sake kama tsani.