Me ya sa ba ma numfashi kamar kifi?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko ƙaramar na'ura za ta iya tatso mana oksijin daga ruwa. Lissafin ne matsalar. Litar ruwan teku ɗaya na ɗauke da kusan miligiram 7 na oksijin, mutum kuwa ko a zaune yana buƙatar kusan 350 a minti. Ka ga sai an tace lita 50 kowane minti.

Ni abin da ya fi damuna shi ne numfashin da muke fitarwa. A irin na'urar masu nutso da ke sake mayar musu da numfashin da suka fitar, ƙwayoyin wani sinadari mai suna soda laim ne ke kama iskar kabon dayoksaid da ke cikinsa, har gwangwanin da ƙwayoyin ke ciki ya ɗauki ɗumi. In ƙwayoyin suka gaji, mutum na iya suma a ƙarƙashin ruwa kafin ya ankara.