Tambaya da Amsa: Kuɗin Turawa a gidan rediyo

Tambaya: Salamu alaikum Malam. Ni ɗalibin aikin jarida ne daga Ƙofar Ƙaura nan Katsina, kullum muna musu a majalisarmu, wai in Turawa suka ba gidan rediyo tallafi shikenan sun saye shi. Haka ne?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗana. To in ba su bayar ba wa ke bayarwa? Sai a 1992 aka kafa hukumar NBC mai kula da gidajen rediyo da talabijin aka ba 'yan kasuwa damar buɗe tasha, kafin nan duk na gwamnati ne, kuma yau tasha mai zaman kanta da talla take rayuwa, talla mai tsoka kuwa ta gwamnati ce da 'yan siyasa, ga dizal ga albashi ga kuɗin lasisi, ya za ka binciki wanda ke zuba maka mai a janareta?

Nan tallafin waje ke da rana. Gidauniyar MacArthur ta Amurka ta ɗauki nauyin binciken cin hanci a kafafen Najeriya na tsawon shekaru, kuma wallahi an tono abubuwa.

Amma 'yan majalisarku ma suna da gaskiyarsu. Mai kuɗin shi ke zaɓen batu, yana son labarin kasafin kuɗi kai kuma damuwarka 'yan bindiga a Jibiya da Batsari. Kuma rana tsaka ana yankewa, ka ga yadda gwamnatin Trump ta rushe USAID, hukumar ba da tallafin waje ta Amurka, a 2025, duk wanda ya jingina da ita kaɗai sai da ya ji a jikinsa.