Tambayoyin Masu Karatu: Wa Ya Cancanci Rangwamen Ma'aikatan Gwamnati a Otal?

Tambaya: Ni ma'aikacin gwamnati ne a ƙasarmu, kuma an tura ni wani taro a Amurka. Da nake neman masauki ta intanet, sai na ga wasu otal-otal sun ware farashi mai sauƙi ga ma'aikatan gwamnati. Shin zan iya kama ɗaki da wannan farashi, tunda ina da katin shaidar aiki?

Amsa: Malam, da wuya katin naka ya wadatar, domin gwamnatin da akasarin waɗannan otal-otal suke nufi ita ce ta Amurka, wato ma'aikatan tarayya da sojoji, a wasu wuraren har da ma'aikatan jihohi. Tushen abin shi ne, wata hukumar tarayya da ake kira GSA ita ke ƙayyade iyakar kuɗin masaukin da za a biya wa ma'aikaci idan ya yi tafiyar aiki a cikin ƙasar, kuma sabon ƙiyasi yakan fara aiki ranar 1 ga Oktoba, farkon shekarar kasafinsu. A shekarar kasafi ta 2025 iyakar dala 110 ce a kwana ɗaya a yawancin wurare, sai dai birane masu tsada irin su Washinton nasu ya ɗara haka. Masu otal sun san babu ma'aikacin da zai so ya cika gibi daga aljihunsa, shi ya sa suke daidaita farashin wasu ɗakuna da wannan iyaka don su jawo shi.

Abin lura a nan shi ne, babu dokar da ta tilasta wa otal yin wannan rangwame. Ganin dama ne, kowane otal da sharuɗɗansa. Wani sai mai tafiyar aiki kaɗai yake ba wa, wani kuwa ko hutu ma'aikaci ya zo da iyalinsa zai amince. 'Yan kwangila da waɗanda suka yi ritaya ma ba su da tabbas, balle baƙon da ya fito daga wata ƙasa.

Inda mutane suke faɗawa tarko shi ne, shafin intanet ba kasafai yake tambayar shaida ba lokacin kama ɗaki. Sai ka iso cikin dare, ga gajiyar jirgi, ga akwati a hannu, sannan mai karɓar baƙi ya ce ka nuna kati. Idan ya juya shi gaba da baya bai ga abin da yake nema ba, yana da ikon mayar da kai kan farashin wannan daren, wanda a lokacin taro yakan yi tsada ƙwarai, ga shi kuma babu halin neman wani wuri. A ganina wannan kasada ba ta kai a yi ta ba, musamman ga wanda zai koma ofis ya yi bayanin kowane rasit.

Shawarata ita ce ka aika wa otal ɗin saƙon imel, ka faɗi ƙasarka da ma'aikatarka, ka tambaye su ko za su karɓi katinka tare da takardar da aka tura ka da ita. In sun amince, ka buga amsar ka riƙe ta tare da fasfonka. Ka kuma tuntuɓi masu shirya taron, domin sau da yawa sukan yi ciniki da otal a kan ɗakunan mahalarta, kuma ba abin mamaki ba ne farashin nasu ya fi na gwamnatin sauƙi.